Wane Littafi Za a Ba Yaro Kan Cin Zali: Na Wanda Aka Yi wa Dariya, Ko Na Wanda Ya Taya Dariyar?

Matar ƙanena ce ta jawo wannan rubutu. Wata Asabar bayan la'asar ta same ni a gida a unguwar Aboabo da ke Kumasi, ko mayafi ba ta ajiye ba ta ce, "Yaya, ke ce malamar makaranta, ki taimake ni. Jiya yarinyar nan ta ba ni wani labari tana ƙyaƙyata dariya, ni kuwa na kasa barci." Ashe an kawo wata sabuwar ɗaliba ajinsu daga wajen Bawku, a arewacin Ghana. Ba ta jin Tonanci, wato harshen Asante da yara ke wasa da shi a filin makaranta, Turancinta kuma da karin arewa. Da ta buɗe baki sai a kwaikwaye ta, a jefe ta da "pepeni", sunan nan da ake muzanta mutanen arewa da shi a Kumasi. 'Yar ƙanena shekararta 9. Ba ita ta fara ba, kuma ta rantse ba ta taɓa furta kalmar ba. Tana dai cikin masu dariya. Abin da ya ƙona ran uwar shi ne, ita kanta an sha kiran ta da wannan suna a kasuwa, kuma kakan yarinyar ma daga arewa ya sauko da shanu.

Ta tambaye ni ko ta zane ta. Na ce mata mu a makaranta tun 2017 hukumar ilimi ta Ghana ta hana bulala, kuma ko kafin nan na ga iyakar aikinta a wannan matsala: ka doki mai cin zali da safe, ya tare wanda ya kai ƙararsa a lungu bayan an tashi. Yarinyar da ba ta san ta yi laifi ba kuwa, in an doke ta, abin da za ta koya shi ne kada ta ƙara kawo labari gida. Na ce ta ba ni mako guda, akwai littattafai.

Na daɗe ina karanta wa 'yan aji 4 da aji 5 irin waɗannan littattafai, kuma na gane cewa ba shekarun yaro ne farkon abin dubawa ba. Farkon abin dubawa shi ne inda yaron yake tsaye lokacin da abin ke faruwa. Akwai wanda ake ci wa zali, akwai mai cin zalin, akwai kuma taron da ke gefe, masu dariya da masu kau da kai. A aji mai yara 50, na farko da na biyu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ba. Sauran duk 'yan gefe ne, kuma da dariyarsu mai cin zali yake samun ƙarfi. Iyaye kuwa kusan kullum littafin wanda aka zalunta suke nema, domin kowa yana ɗaukar nasa ɗan a matsayin abin tausayi.

Littattafan 'yan gefe guda biyu ne na fi riƙewa, kuma sun yi kama da juna kamar uwa da 'ya. Tsohon shi ne The Hundred Dresses, wato riguna ɗari, wanda Eleanor Estes ta rubuta a Amurka a 1944. Wata yarinya ce mai suna Wanda Petronski, 'yar asalin Poland, matalauciya, kullum da shuɗiyar riga guda ɗaya da ta koɗe take zuwa makaranta, amma a wanke tsaf. Wata rana ta ce tana da riguna ɗari a gida, a jere. Daga nan sai abin ya zama wasan safe: Peggy, yarinyar da kowa ke so a ajin, ta tare ta ta tambaye ta riguna nawa ne yau, sauran su fashe da dariya. Sai dai marubuciyar ba ta shiga zuciyar Wanda ba, ba ta shiga ta Peggy ba. Ta zaɓi Maddie, aminiyar Peggy. Maddie ma talaka ce, kwancen rigunan Peggy take sawa, uwarta na ɗan gyara su don kada a gane. Wasan bai yi mata daɗi ba, amma tana tsoron in ta yi magana a bar Wanda a dawo kanta. Wannan tsoro shi ne zuciyar littafin, kuma ban taɓa karanta shi a aji ba face na ga wasu yara sun sunkuyar da kai a daidai wurin. Daga baya mahaifin Wanda ya aiko wa malamar da wasiƙa cewa sun ƙaura zuwa babban birni, inda ba wanda zai yi musu gorin suna ko na asali. A daidai lokacin kuma aka gano Wanda ce ta ci gasar zane, da zanen riguna ɗari, kowace da irin nata ado. Ashe ba ƙarya ta yi ba.

Na biyun shi ne Each Kindness na Jacqueline Woodson, wanda ya fito a 2012, da zanen E. B. Lewis. Nan ma sabuwar ɗaliba ce, Maya, da tsofaffin kaya da takalmin da igiyarsa ta tsinke. An zaunar da ita kusa da Chloe, mai ba da labarin. Maya ta yi mata murmushi, Chloe ta juya ta kalli taga. Maya ta riƙa kawo kayan wasa tana neman a yi da ita, ana ƙi. Wata ƙawar Chloe ta laƙaba mata suna mai nufin wadda ba ta taɓa sa sabo ba, saboda kayanta na gwanjo ne. Yaranmu na Kumasi ba sa buƙatar a fassara musu wannan gori. Rabinsu kayan fos ne a jikinsu, daga dilar da aka kwance a kasuwa, kuma sun san yadda ake duban wanda nasa ya fi tsufa. Wata rana kujerar Maya ta zama wayam. Malamar ta kawo kwano da ruwa, ta jefa tsakuwa, ta nuna musu yadda zoben ruwan ke ta faɗaɗa, ta ce haka alheri yake. Kowane yaro ya karɓi tsakuwar ya faɗi wani alheri da ya yi. Da ta zo hannun Chloe, ta riƙe ta, ta kasa tuna ko ɗaya, ta miƙa gaba. Ta ƙudurta cewa in Maya ta dawo za ta mayar mata da murmushin. Maya ba ta dawo ba. Littafin ya ƙare a nan.

To wanne za a zaɓa tsakaninsu? Each Kindness shafi 32 ne, hoto ya fi rubutu yawa, ana gama shi cikin minti 10, kuma ko uwar da Turancinta bai yi nisa ba za ta iya bin hotunan ta ba da labarin da Hausa. Ya dace da yaro daga shekara 6 zuwa 9. The Hundred Dresses babi 7 ne, kusan shafi 80, Turancinsa na da can ne, sai ɗan aji 4 zuwa 6 mai karatu sosai, ko kuma a karanta masa babi ɗaya kowane dare. Amma bambancin da ya fi tsawo muhimmanci shi ne wannan. Littafin Estes yana bayyana dalili: ya nuna wa yaro abin da ke sa mutumin kirki ya yi shiru, har ya bi Maddie cikin darenta na rashin barci zuwa lokacin da ta yanke shawarar ba za ta sake tsayawa tana kallo ba. A ƙarshe ma ya ɗan sassauta, domin Wanda ta aiko da wasiƙa ta ba Peggy da Maddie kyautar zane, suka ga fuskokinsu ne a ciki. Littafin Woodson bai bayyana komai ba, bai kuma sassauta ba. Ya bar yaro da "da na sani" a hannu, wadda Hausawa suka ce ƙeya ce. Wasu iyaye sun ce mini ya yi wa ƙananan yara tsauri. Ni ban yarda ba. Yaran zango sun saba ganin an wayi gari maƙwabci ya kwashe kayansa ya koma Tamale ko Accra ba sallama, don haka tafiyar Maya ba baƙon abu ba ce a gare su. In yaronka ɗan gefe ne kuma littafi ɗaya kaɗai za ka iya saya, ka fara da wannan.

Ga yaron da shi ne ake ci wa zali kuwa, waɗannan biyun ba su ne na farko ba. Ka tuna a dukkansu wanda aka zalunta ne ya tattara ya bar gari. Yaron da ke cikin wannan hali zai iya fahimtar cewa mafita ita ce ɓacewa. Shi yana buƙatar littafin da zai ga irinsa a tsaye.

Ga 'yan matanmu, The Proudest Blue ya fi kowanne kusa da gida. Ibtihaj Muhammad ce ta rubuta shi tare da S. K. Ali a 2019, Hatem Aly ya yi zanen. Ita Ibtihaj 'yar wasan takobi ce, mace ta farko da ta wakilci Amurka a gasar Olamfik sanye da hijabi, a Rio a 2016, kuma ta dawo da lambar tagulla tare da ƙungiyarta. Labarin ranar farko ce da Asiya ta sa hijabi zuwa makaranta, shuɗi kamar teku, ƙanwarta Faizah na ba da labari cike da alfahari. Wasu yara maza suka yi ta dariya, ɗaya ya kira hijabin mayafin tebur, ya ce zai fizge shi. Mai zanen ya yi hikima: bai ba masu tsokanar fuska ba, inuwa kawai ya zana su, Asiya da ƙawayenta kuwa fuskokinsu a sarari. Maganar uwarsu ce ke ratsa littafin, cewa mugunyar kalma kayan mai faɗin ta ce, kada ka ɗauka ka yi dakonta. Yarinyar da ke makarantar Islamiyya a Asawase ko Sawaba, inda kowa da hijabinsa, za ta ji daɗin littafin amma ba zai taɓa mata wani ciwo ba. Wadda za ta shiga makarantar mishan ko wata makarantar kuɗi a can cikin gari, inda za ta zama ita kaɗai ko su biyu a aji, ita ce za a karanta wa kafin ranar farko. Rauninsa ɗaya ne: Asiya ta juya ta yi tafiyarta, abin ya wuce. A rayuwa ba kullum yake wucewa ba. Wanda ke karanta wa yarinya ya ƙara da bakinsa cewa in hannu ya taɓa hijabinta, ba maganar haƙuri ba ce, a ranar za ta gaya wa malama da iyayenta.

Sulwe na Lupita Nyong'o, 'yar fim ɗin nan ta Kenya, shi ma a 2019 ya fito, Vashti Harrison ta zana shi. Wannan na gorin launin fata ne. Sulwe ta fi kowa baƙi a gidansu, 'yar'uwarta fara ce ana kiran ta da sunaye masu daɗi, ita kuwa ana ce mata baƙa, ana ce mata dare. Ta goge jikinta da abin goge fensir, ta ci abinci mai farin launi kaɗai, ta roƙi Allah ya wayi gari ta yi haske. Ban san wani littafin yara da ya shiga wannan ɗaki haka ba tare da kunya ba, kuma ɗaki ne da ke cikin gidajenmu. Hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta haramta sinadarin haidirokinon a man shafawa tun 2016, amma duk wanda ya je biki a zango ya san man bilicin bai bar mu ba. Shi ya sa nake cewa wannan littafi uwa da goggo da kaka ne ya kamata su fara karantawa. Gorin da ke ciki a tsakar gida yakan fara, daga bakin babba da ke yabon jaririya da cewa ta yi sa'a ta ɗauko hasken babanta, alhali yayarta na zaune tana ji. Rabinsa na biyu tatsuniya ce, inda wani tauraro ya ɗauki Sulwe ya ba ta labarin Dare da Rana a matsayin 'yan'uwa mata. Sai a gaya wa ƙaramin yaro cewa gatanan gatananku ce, kamar ta gizo da ƙoƙi.

Akwai biyu na Ghana, kuma duk a kan nakasa suke. Sosu's Call na Meshack Asare ne, kamfanin Sub-Saharan Publishers da ke Accra ya buga shi a 1997, ya kuma ci kyautar UNESCO ta littattafan yara masu koyar da haƙuri da juna a 1999. Sosu yaro ne da ba ya iya tafiya, a wani ƙauye da ke tsakanin teku da tafki. Mutanen gari na ganin irinsa rashin sa'a ne, har aka gargaɗi mahaifinsa ya riƙa barin sa cikin gida. Ranar da guguwa ta taso ruwa ya shigo gari, manya duk suna gona da wajen kamun kifi, Sosu ya ja jikinsa cikin ruwa da iska, karensa Fusa na biye, har ya kai inda ake ajiye ganguna ya buga, mutane suka ji suka garzayo. Daga baya aka ba shi keken guragu ya shiga makaranta. Ɗayan kuma Emmanuel's Dream ne na Laurie Ann Thompson, na 2015, labarin gaskiya na Emmanuel Ofosu Yeboah daga yankin Koforidua, wanda aka haifa da ƙafa ɗaya mai aiki. Da ɗingishi a ƙafa guda yake zuwa makaranta. Da yara suka ƙi wasa da shi, ya tara kuɗin goge takalma ya sayi ƙwallo, ya ce duk mai son bugawa sai da shi a fili. A 2001 ya hau keke ya yi fiye da kilomita 600 a cikin Ghana, kuma yunƙurinsa na cikin abubuwan da suka share wa dokar nakasassu ta 2006 hanya.

Ina son su duka biyu, kuma yara kan miƙe zaune idan suka ga kwalekwale da bishiyar kwakwa da rigar makaranta irin tasu a cikin littafi. Na Asare ya fi kyawun labari da zane, na Emmanuel ya fi amfani ga yaro namiji mai son ƙwallo, saboda dabarar sayen ƙwallon nan abu ne da ya gane. Amma akwai abin da ke damuna game da su, kuma ba zan ɓoye ba. A cikinsu sai da yaron ya yi abin al'ajabi kafin gari ya karɓe shi. Na taɓa koyar da wani yaro mai shan inna, shiru-shiru, wanda ba zai ceci ƙauye ba, ba zai zagaya ƙasa a keke ba, lissafinsa ma matsakaici ne. Haƙƙinsa na a zauna da shi a benci ɗaya bai gaza na Sosu ba. Don haka duk lokacin da na gama Sosu's Call nakan tambayi aji: da a ce ruwan bai zo ba, da yaushe mutanen garin za su bar shi ya fito? Shirun da ke biyo baya yakan yi tsawo.

Wonder na R. J. Palacio, na 2012, shi ne wanda aka fi sani, musamman bayan fim ɗinsa na 2017, kuma shi iyaye masu hali suka fi tambayata. Auggie Pullman ɗan shekara 10 ne da aka haifa da tawaya a fuska, an yi masa tiyata sau 27, ya shiga makaranta karon farko. Yara suka ƙirƙiri wasan cewa duk wanda ya taɓa shi ya kamu da annoba sai ya wanke hannu. Ƙarfin littafin shi ne murya ba ɗaya ba ce: Auggie ya yi magana, yayarsa Via ta yi, abokinsa Jack da ya ci amanarsa a bayan ido shi ma ya faɗi nasa. Wato a littafi guda an tara wanda aka zalunta da ɗan gefe. Sai dai ya haura shafi 300, cike yake da al'adun Amurka irin su bikin Halowin, akwai kuma ɗan zancen saurayi da budurwa a ɓangaren yayar. Na 'yan ƙaramar sakandare (JHS) ne, kuma mai son karatu. In ka saya wa ɗan aji 3 don ka ji sunansa, zai zauna a kan kabad yana shan ƙura. Shi ma da lambar yabo da tafi ya ƙare, wato yana da ɗan wancan rauni na Sosu.

Mai cin zalin fa? Babu ɗaya cikin waɗannan da aka rubuta dominsa, kuma ban taɓa ganin littafi shi kaɗai ya juya irin wannan yaro ba. Yawanci akwai wanda ke dukan sa a gida, ko yunwa, ko wani babba a unguwa da ke yi masa abin da yake yi wa na ƙasa. Haka nan babu wanda ya taɓo abin da manyan ɗalibai ke yi wa sababbi a makarantun kwana na babbar sakandare (SHS), ko muzantawar da ake yi a rukunin WhatsApp. Waɗannan sai zuwa makaranta da ƙafa, a zauna da shugaba da malamin aji. Kuma yaron da ya dawo da tabo, ko ya fara ciwon ciki kowace safiyar Litinin, ko kuɗin tararsa ke ɓacewa, ba littafi yake buƙata da farko ba.

Dukkansu da Turanci aka rubuta su, don haka yadda ake karantawa ya kai zaɓin littafin muhimmanci. Ni nakan karanta shafi, in rufe, in maimaita da Hausa, in bar yaro ya kawo sunan da ake kira a makarantarsu a madadin na littafin. Nakan kuma haɗa da abin da ya riga ya haddace a makarantar allo. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi. Hadisin da ya ce ka taimaki ɗan'uwanka ko shi ne azzalumi ko wanda aka zalunta, taimakon azzalumi kuwa shi ne ka hana shi, magana ce kai tsaye ga ɗan gefe. Yara da yawa sun iya karanta ayar da tajwidi amma ba su taɓa haɗa ta da filin wasa ba.

Wajen samu, na Meshack Asare ya fi sauƙi tunda a gida aka buga shi. A tambaya a shagunan littattafai na Adum, a tsakiyar Kumasi, a kuma leƙa sashen yara na ɗakin karatu na Ashanti da ke harabar cibiyar al'adu. Sauran sai an yi oda, ko a roƙi ɗan'uwa da ke Bronx ko Landan ya saƙa guda biyu a cikin kaya, ba su da nauyi. Masu hoton kuma akwai masu karanta su shafi-shafi a YouTube, uwa na iya kallo a waya kafin ta kashe kuɗinta.

'Yar ƙanena Each Kindness na karanta mata, a kan tabarma bayan isha'i, uwarta na daga ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ban ambaci yarinyar Bawku ba ko sau ɗaya. Da muka kai shafin ƙarshe ta karɓi littafin, ta juya bangon baya, ta sake juyowa, tana neman ko akwai shafin da ya manne.

"Goggo, ina sauran?"

Na ce shi ke nan.

"To Maya ba ta dawo ba?"

Na ce ba ta dawo ba.

Ta daɗe tana kallon hoton Chloe a bakin tafki. Can ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Goggo, tamu tana nan. A bayana take zama."